Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibiya: Wane Taimako Ɗalibin Fiziks Yake Buƙata A Kan Lissafin Juyi?

Owendo, garin da ke kudu da birnin Libreville a ƙasar Gabon, gari ne na abubuwa masu juyawa. Daga nan layin dogo na Transgabonais yake tashi, ya ratsa kurmi na tsawon fiye da kilomita 640 har zuwa Franceville. An soma shimfiɗa shi a 1974, ya isa can a ƙarshen 1986. A kansa ake jawo ma'adinin manganis daga Moanda da gumaguman katako daga cikin daji, a sauke su a tashar jiragen ruwa, inda injunan ɗaga kaya suke kaɗa dogayen hannuwansu hagu da dama. Ƙafafun jirgi na juyawa, tayoyin manyan motoci na juyawa, wayoyin ƙarfe na naɗuwa suna warwarewa a jikin gangunan injuna.

A wannan garin ne kuma Lycée Technique National Omar Bongo take, tare da sauran makarantun sakandare. Cikin ɗaliban yankin akwai 'ya'yan Hausawa: wasu zuriyar waɗanda suka daɗe da zama a Gabon ne, musamman a Oyem da Bitam da Libreville, wasu kuma iyayensu sun zo ne daga Nijar ko Nijeriya ko Kamaru neman halali. Da yamma irin wannan ɗalibi yakan zauna da aikin gida na fiziks, an rubuta tambayar da Faransanci, a kan wani faifai da ke juyawa ko wata ganga da ke gangarowa, ya rasa ta inda zai kama. Abin mamaki ne yaron da ya tashi yana ganin juyi ta ko'ina ya zo ya kasa gane shi a kan takarda. Sai ya nemi taimako, kuma neman taimako ba aibi ba ne, tambaya ai rabin ilimi ce. Abin dubawa shi ne irin taimakon da yake samu.

Ra'ayin wannan rubutu shi ne, a babin juyi, miƙa wa ɗalibi kammalalliyar amsa cutarwa ce da ta yi shigar taimako. Taimakon da ke amfanar sa shi ne wanda zai sa ya faɗi abin da ke faruwa da bakinsa, cikin harshen da tunaninsa ya fi sakewa da shi, kafin ya taɓa wata ƙa'idar lissafi. Ga yaron da Hausa ce harshen gidansu, Hausa tana da rawar takawa a wannan aiki, kuma ɗaliban Hausa suna da nasu kason.

Me ya sa juyi yake ba ɗalibai wuya?

Kafin babin juyi, ɗalibi ya saba da tafiya miƙaƙƙiya: abu yana da sauri ɗaya, ƙarfi ya tura shi, nauyinsa ya yi masa turjiya. Da an shigo juyi, kowanne daga cikin waɗannan uku sai ya rabu biyu, ko ya sami abokin tafiya.

Na farko, sauri ya zama iri biyu. Akwai saurin juyi, wato yawan kusurwar da abu yake zagayawa a cikin wani lokaci, akwai kuma saurin tafiya, wato nisan da wani ɗigo a jikin abin yake ci. Mutumin Owendo yana da misalin wannan a ƙarƙashin ƙafarsa. Garin yana ƙasa da rabin digiri arewa da layin ikwaita, inda kewayen duniya ya kai kimanin kilomita 40,075. Tun da duniya tana kammala juyi ɗaya a cikin kusan awa 24, mai zaune a Owendo yana tafiya gabas da gudun kimanin kilomita 1,670 a awa, ko da yana kishingiɗe a kan tabarma. Ɗan'uwansa a Kano, a digiri 12 arewa, yana yin kimanin 1,635. Na Paris kuwa kimanin 1,100 ne kawai. Amma dukkansu uku digiri 15 suke juyawa a kowace awa. Saurin juyinsu ɗaya ne, saurin tafiyarsu ya bambanta, domin nisansu daga layin da duniya take juyawa a kansa ba ɗaya ba ne. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba ya buƙatar haddace cewa saurin tafiya shi ne saurin juyi sau nisan cibiya, ya riga ya gan shi.

Na biyu, ƙarfi shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an san inda aka sa shi. Kowane makanike ya san wannan. Idan noti ya ƙi kwancewa, yakan zura bututu a hannun sifana don ya ƙara mata tsawo. A lissafi, ƙarfin niyuton 200 a ƙarshen sifana mai tsawon mita 0.25 yana ba da ƙarfin murɗawa 50; wannan ƙarfin dai a ƙarshen bututu mai tsawon mita 1 yana ba da 200, ninki huɗu, matuƙar an danna shi a gicciye da hannun sifanar. Wanda ya tura ƙyaure daga kusa da inda aka kafe shi ya san wahalar da ya sha, wanda kuma ya ga jigo a bakin fadama ya ga yadda dunƙulen laka a gajeren ɓangare yake taya ɗaga guga a dogon ɓangare. Wannan ita ce ƙa'idar da Archimedes na Sirakus ya tsara tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Na uku, nauyi ma shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an san yadda ya bazu a jikin abin. Abubuwa biyu masu nauyi ɗaya da faɗi ɗaya suna iya bambanta wajen wuyar juyawa, idan nauyin ɗaya ya taru kusa da cibiya, na ɗayan kuma ya koma gefe. Leonhard Euler ne ya raɗa wa wannan sifa suna a littafinsa na 1765 a kan motsin daskararrun abubuwa. A nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin hankali yakan ce abu mai nauyi kaza ai mai nauyi kaza ne, ko ta yaya aka ƙera shi.

A kan waɗannan uku sai harshe ya ɗora nasa kaya. Yaron da ke karatu da Faransanci ya san kalmar moment da ma'anar ɗan lokaci. Rana ɗaya sai ya tarar da ita tana nufin ƙarfin murɗawa, a shafi na gaba tana cikin sunan wuyar juyawa, can gaba kuma ta bayyana a sunan wani abu na uku. Ma'auni uku daban-daban, kalma ɗaya tana gaba a sunan kowannensu, kuma babu ɗayansu da ya shafi lokaci. Ba mamaki ɗalibi ya haɗa su ya dama.

Taimakon da ke rage wa ɗalibi

A yau amsa ba ta da wuyar samu. Ɗalibi yana iya ɗaukar hoton tambaya da waya ya tura wa aboki, ko ya kwafa daga littafin wanda ya riga shi, ko ya ba manhajar ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda suka yaɗu tun daga ƙarshen 2022, ta zayyano masa mataki-mataki cikin daƙiƙoƙi. Wasu iyayen kuma suna biyan malamin darasin yamma, wanda idan bai yi hattara ba sai aikinsa ya koma warware tambayoyi a gaban yaro, yaro yana gyaɗa kai. Washegari aikin gida ya cika, maki ya yi kyau, kowa ya gamsu.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A 2010 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da David Pritchard, suka wallafa nazarin da suka yi a kan ɗaliban fiziks masu kwafar aikin gida ta intanet. Sun gano cewa waɗanda suka maida kwafa ɗabi'a sun faɗo ƙasa ƙwarai a jarrabawar ƙarshe, idan aka gwada su da takwarorinsu da suka yi aikin da kansu. Dalilin a fili yake. Aikin gida ba don malami ya sami amsa ake bayar da shi ba, ai ya san ta. Ana bayar da shi ne don ƙwaƙwalwar ɗalibi ta yi atisaye, kuma babu mai yi wa wani atisaye.

Akwai wani binciken da ya fi wannan bayyana inda gizo ke saƙa. A 1981 Michelene Chi da Paul Feltovich da Robert Glaser suka ba ƙwararru da 'yan koyo tarin tambayoyin fiziks, suka ce su kasa su gida-gida. 'Yan koyo suka kasa su bisa ga kamanninsu: waɗannan na gangare ne, waɗannan na abu mai juyawa ne. Ƙwararru kuwa suka kasa su bisa ga dokar da ke warware su: waɗannan na adana makamashi ne, waɗannan na dokar Newton ta biyu ne. A 1989 Chi da abokan aikinta suka sake nuna cewa ɗaliban da suka fi cin moriyar misalan da aka riga aka warware su ne masu tsayawa a kowane mataki suna bayyana wa kansu dalilinsa. Ma'ana, ganin amsa ba ya koyarwa sai an haɗa shi da faɗin dalili. Ɗalibin da aka miƙa wa amsa ya tashi da kamannin tambaya a kansa, da an sauya mata riga a zauren jarrabawa sai ya kasa shaida ta. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibiya, a ranar bakaloriya babu waya, babu aboki, babu malamin yamma.

Yadda taimako na gari yake

A ƙaddara wata ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. An ba ta ganguna biyu a takarda, ɗaya cikakkiya, ɗaya mai rami kamar bututu, nauyinsu ɗaya, faɗinsu ɗaya. An sake su daga tudu mai tsayin mita 1.5, suna gangarowa ba tare da zamewa ba. An ce ta faɗi wadda za ta riga isa ƙasa, da saurin kowacce. Ta kawo wa yayanta, wanda ya wuce wannan aji, tana son ya rubuta mata.

Ya ce, "Ƙanwata, ajiye biro tukuna. Gaya mini da Hausa, me ke faruwa a nan?"

Ta ce, "Yaya, ganguna biyu ne suke gangarowa. Tun da nauyinsu ɗaya, ai tare za su isa."

Bai ce ta yi daidai ba, bai ce ta yi kuskure ba. Ya aike ta kicin ta ɗauko gwangwanin tumatir biyu, ɗaya ba a fasa ba, ɗaya an cinye an cire masa murfi da gindi. Ya jingina katako a kan kujera, suka sake su tare. Cikakken ya riga isa. Suka maimaita sau uku, bai sauya ba.

Ta ce, "Yaya, ai wannan ya fi nauyi ne, shi ya sa."

Ya ɗauko guntun bututun ƙarfe wanda ya fi gwangwanin nauyi nesa ba kusa ba, suka sake gwadawa. Gwangwanin ya sake riga shi. Nan ta yi shiru, domin hujjarta ta faɗi a gaban idonta. Sai ya tambaye ta abu uku, ɗaya bayan ɗaya: ina cibiyar juyin take? Ina nauyin kowannensu ya taru, kusa da ita ko nesa? Makamashin da tudu ya ba su, gida nawa ya rabu?

Da ta amsa waɗannan, sauran aikin layi huɗu ne. Makamashin ya rabu gida biyu, na tafiya da na juyi. A bututu, duk nauyin yana gefe, don haka rabin makamashin ya tafi wajen juya shi, rabi kawai ya rage wa tafiya. A cikakkiyar ganga, sulusi ne ya tafi ga juyi, sulusi biyu suka rage. Idan aka ɗauki jan ƙasa a matsayin mita 10 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, bututu zai isa da saurin kimanin mita 3.9 a daƙiƙa, cikakkiyar kuma da kimanin 4.5. Nauyi da faɗi duk sun fice daga lissafin, shi ya sa ƙaramin gwangwani ya kayar da babban bututu. Ita ta rubuta amsar da Faransanci, da hannunta. Idan gobe aka kawo mata gungumen katako da ganga maras komai a ciki, ko ƙwallo da zobe, za ta gane cewa tambaya ɗaya ce ta sauya tufafi.

Yayan bai faɗi amsar ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya sa ta furta zatonta, ya bar gwaji ya ƙaryata shi, sannan ya ba ta tambayoyin da za ta riƙa yi wa kanta. Wannan ya ci rabin awa, inda kwafa za ta ci minti biyar. Amma rabin awan nan ita ce karatun.

Layin dogon Owendo ma yana da irin wannan darasi. A ɗauka faɗin ƙafar jirgi mita 1 ne, jirgin kuma yana gudun kilomita 60 a awa, wato mita 16.7 a daƙiƙa. Ƙafar tana juyi sau 5.3 a kowace daƙiƙa, kimanin sau 318 a minti. Wannan mai sauƙi ne. Ga mai daɗin: ƙafafun jirgi biyu, ta hagu da ta dama, a kafe suke a jikin ƙarfe ɗaya, dole saurin juyinsu ya zama ɗaya. Tsakanin dogon biyu kuwa milimita 1,435 ne, don haka idan jirgi ya sha kwana ta digiri 90, dogon waje ya fi na ciki tsawo da kimanin mita 2.25. Ta yaya ƙafar waje za ta ci nisan da ya fi na ta ciki alhali juyinsu ɗaya? Amsar tana cikin ƙirar ƙafar. Ba a yi bakinta a miƙe ba, an ɗan karkata shi, ya fi kauri ta ciki. A kwana, ƙafafun sukan ɗan gusa waje, sai ta waje ta hau kan ɓangarenta mai faɗi, ta ciki ta koma kan siririn ɓangare. Nisan cibiya ya bambanta, saurin tafiya ya bambanta, saurin juyi yana nan ɗaya. Ɗalibin da aka bari ya yi kokawa da wannan tambaya na minti goma kafin a buɗe masa ita ba zai sake rikita sauri biyun nan ba.

Gurbin Hausa a cikin wannan aiki

Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya goyi bayan koyar da yaro da harshen uwa. A Nijeriya, shirin shekara shida na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da 'yan firamare da Yarabanci, har da kimiyya da lissafi. A Nijar an buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Abin da ake nema a nan bai kai waɗannan girma ba. Ba a ce a sauya harshen makarantun Gabon ba. An ce ne a teburin aikin gida, a rabin awan da ɗalibi yake ƙoƙarin gane abin da ke faruwa, a bar shi ya yi tunani da harshen da ya fi masa sauƙi.

Hausa kuwa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Tana bambanta juyawa da zagayawa da kewayawa da gangarawa da mirginawa da murɗawa da karkatawa da wulwulawa. Duniya tana juyawa a kan kanta, tana zagaya rana. Hausa ta raba su da fi'ili biyu ba tare da wani ƙarin bayani ba. Tana da kayayyakin da kowannensu darasi ne. Mazarin kaɗi, da dunƙulen yumɓun da ke gindinsa, yana ci gaba da juyi bayan an murza shi, kamar yadda wilin keken ɗinki yake ci gaba bayan tela ya ɗaga ƙafa. Majaujawa tana nuna cewa igiya ce ke jan dutse zuwa cibiya, da an sake ta dutsen sai ya miƙe ta inda ya fuskanta. Katantanwa tana tsaye muddin tana juyi, da ta lafa sai ta faɗi. Har ma kalmar nauyin jiki, da ake faɗa wa mai jinkirin tashi, ta yi kusa ƙwarai da abin da Newton ya bayyana a 1687 game da turjiyar abu ga sauya motsinsa. Daga nan samar da nauyin juyi a matsayin sunan ma'aunin Euler taki ɗaya ne. Idan aka jera ƙarfin murɗawa da nauyin juyi da saurin juyi, an sami sunaye uku da kowanne yake faɗin aikinsa, kuma babu wanda za a rikita da wani.

Masana Hausa sun taɓa yin irin wannan aiki. Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi na nazarin harshe da adabi da Farfesa Dalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya ba ɗalibai kalmomin da a yau suke rubuta kundayen digiri da su ba tare da jin wani baƙunci ba. Abin da ya yiwu ga nahawu zai yiwu ga fiziks.

Abin da masu ja za su ce

Za a ce jarrabawa da Faransanci ake yin ta, don haka duk mintin da aka ɓatar a Hausa an rage shi ne daga harshen da zai ba da maki. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma dole ɗalibi ya ƙare aikinsa da Faransanci, ya san sunan kowane ma'auni da alamarsa kamar yadda mai gyaran takarda yake so. Amma mai gyara ba ya ba da maki don an jera kalmomi, yana bayarwa ne don an zaɓi dokar da ta dace. Wanda ya gane da Hausa ya rubuta da Faransanci ya fi wanda ya haddace da Faransanci bai gane da kowane harshe ba.

Za a ce kuma yawancin yaran da aka haifa a Libreville da Owendo Faransancinsu ya fi Hausarsu ƙwari. Wannan ma gaskiya ne ga da yawa daga cikinsu. Irin wannan yaro ya yi bayaninsa da Faransancin titi, ko ya gauraya harsunan biyu, babu laifi. Sharaɗin shi ne ya fita daga jimlolin littafi ya shiga nasa. Sai dai Hausa tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: ita ce take shigo da mutanen gida cikin karatun. Kawu makanike da inna tela da baba direba wataƙila ba za su karanta ƙa'idar da ke takarda ba, amma sun san sifana da wili da kwana fiye da yadda littafi ya san su. Da Hausa yaro zai iya tambayar su, su kuma su daina ganin fiziks a matsayin abin da ba ruwansu da shi.

Za a ce kalmomin ba su daidaita ba, kowa da irin tasa fassara. Haka ne, kuma akwai wuraren da Hausar yau da kullum take da giɓi na gaske. Kalmar nauyi, alal misali, tana ɗauke da abu biyu da fiziks ya raba: yawan abin da ke jikin abu, wanda ake aunawa da kilogiram, da ƙarfin da ƙasa take jan sa da shi, wanda ake aunawa da niyuton. Mai taimako na gari zai nuna wa ɗalibi wannan giɓi, kada ya rufe shi. Faransancin kasuwa ma yana gauraya su, masana ne suka zauna suka raba. Rashin daidaito dalili ne na a yi aikin.

A ƙarshe za a ce manhajojin zamani sun fi kowane yaya haƙuri da sani. Suna da amfani, ba shakka, musamman ga wanda ba shi da kowa a gida. Amma sukan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali, kuma wanda bai gane darasin ba ba zai kama kuskuren ba. Bambancin yana ga abin da aka roƙe su. Ɗalibin da ya ce a ba shi amsa ya yi kwafa da sabon salo. Wanda ya rubuta nasa ƙoƙarin, ya ce a nuna masa layin farko da ya kauce, ya sami malami.

Abin da ya kamata a yi

Ɗalibi, kafin ya nemi kowa, ya zana hoton tambayar, ya sa ɗigo a cibiyar juyi, ya zana kowane ƙarfi a daidai inda yake taɓa abin. Ya maida digiri da yawan juyi zuwa radiyan, santimita zuwa mita, domin kurakurai da yawa a nan suke ɓuya. Ya yi zato ya rubuta shi: wanne zai riga, amsar za ta yi girma ko ƙanƙanta? Idan ya je neman taimako, ya je da takardar da ya ɓata, ya nuna inda ya tsaya. Bayan an buɗe masa hanya, ya rufe littafi ya sake warware tambayar shi kaɗai, washegari kuma ya nemi 'yar'uwarta ya gwada.

Mai taimako, yaya ne ko malamin yamma ko aboki, ya riƙe hannunsa daga biro. Tambayarsa ta fi bayaninsa yawa. Iyaye masu biyan kuɗin darasi su auna shi da abu ɗaya: yaro zai iya bayyana musu abin da ya koya, da harshen gida, har su gane? Idan ba zai iya ba, akwai sauran aiki, komai kyan makin da ke littafinsa.

Ɗaliban Hausa kuma, a Kano suke ko Zariya ko Yamai ko Libreville, ga fage a buɗe. Su je garejin makanikai da shagunan teloli da wurin masu injin niƙa, su tattara kalmomin da masu sana'a suke kiran sassan da ke juyawa da su. Su zauna da malaman fiziks su tantance wacce ta dace da wane ma'auni. Su gwada fassara tambaya ɗaya ta juyi zuwa Hausa, su ba ɗan sakandare, su ga inda ya yi tuntuɓe, su gyara. Kalmar da yaro ya kama ya warware tambaya da ita ta cancanci shiga ƙamus, wadda ta ruɗa shi kuma a sake mata tunani.

Jiragen manganis za su ci gaba da shan kwana a kan hanyar Owendo, ƙafar waje tana cin nisan da ya fi na ta ciki. Gabon tana buƙatar injiniyoyin da za su kula da waɗannan ƙafafu da injunan tashar, kamar yadda Kano da Maraɗi suke buƙatar nasu. Za su fito ne daga cikin yaran da wani ya yi haƙurin rabin awa da su a kan tabarma, ya hana su amsa har suka gano cibiyar da kansu.